Kyamarar milimita, rumfar sikana, ƙofar ƙarfe ko sandar hannu: wanne ya dace da ƙofarka?

Idan kana cikin kwamitin tsaro na wani waje da jama'a ke shiga da fita, babban masallaci ne ko coci, makaranta, ɗakin taro, kotu ko sito na kamfani, da wuya a ce ba a taɓa turo maka bidiyon nan a WhatsApp ba, na wata na'ura da ke hango abin da mutum ya ɓoye a ƙarƙashin riga tun daga nesa, babu lalube babu tsayar da kowa. Na'urar gaskiya ce, akwai ta kuma ana aiki da ita a wurare da dama. Abin da ya rage a tattauna shi ne ko ita ce ta dace da taka ƙofar, ko kuwa kuɗin gara a zuba su wani wajen. Abubuwa huɗu zan gwada da juna: sandar hannu da masu gadi ke shafa wa mutane, ƙofar gano ƙarfe, rumfar sikana irin ta filin jirgi wadda ita ke harba igiyar milimita, wato igiyar rediyo mai gajeren zango sosai, a jikin mutum, sai kyamarar milimita mai saurare kawai wadda ba ta harba komai. A kan ta ƙarshen nan zan fi daɗewa don ita ce mutane suka fi ruɗewa a kanta, kuma ita ce aka fi zuzutawa.

Ma'aunan da ya kamata ka riƙe kafin ka saurari mai talla

Na farko kuma wanda ya fi kowanne, me kake tsoro? Mai makaranta da damuwarsa ita ce wuƙa da almakashi a aljihun ɗalibai ba abu ɗaya yake nema da mai tashar mota da ke tsoron rigar bam ba, haka mai sito da ma'aikata ke fice masa da kaya a ɗaure a ciki, shi kayansa wataƙila ko ƙarfe babu a jikinsu. In ba ka rubuta amsar wannan a takarda ba to duk wanda ya fi iya baki shi zai sayar maka da tasa.

Na biyu nisa. A wane nisa na'urar za ta gaya maka akwai matsala? Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wajenmu. A ranar 10 ga Janairun 2015 a ƙofar Kasuwar Monday ta Maiduguri, rahotanni sun nuna sikanar masu caje ta yi ƙara a jikin wata ƙaramar yarinya da aka ɗaura wa bam, wato na'urar ta yi aikinta, amma bam ɗin ya tashi a nan bakin ƙofar inda masu caje da jama'a suke, aka rasa rayuka da dama, Allah Ya jiƙansu. Na'urar da sai an matso dab da kai take magana tana kare cikin gini ne, ba ta kare waɗanda ke layi da masu tsaron ƙofar.

Sai yawan mutanen da za su wuce cikin awa ɗaya, don layi mai tsawo shi kansa haɗari ne, kuma ranar Juma'a in liman ya hau mumbari babu mai gadin da zai iya riƙe mutum ɗari biyar a waje. Sai yanayin wurin, zafi, ƙura, wuta. Sai kuɗi, ba na saye kaɗai ba, har na gyara, na horar da ma'aikata, na man janareto. Sai mutunci da lafiya, me na'urar ke nunawa na jikin mutum, wa ke kallo, ana ajiye hoton ko a'a. Na ƙarshe ƙarar ƙarya, sau nawa take kuka a kan wanda bai ɗauko komai ba, domin na'urar da ke kuka a kan kowa ƙarshenta masu gadi su daina kula ta, wannan kowa ya sha gani a ƙofofin bankuna da otal.

Sandar hannu

Ba sai na ja magana ba, kowa ya san ta. Ƙarfe kawai take ji, kuma sai an kai ta kusa da jiki, 'yan santimitoci. Ta asali irin Garrett Super Scanner tana kai dala 150 zuwa 200 ko kusa da haka, batir ɗin bolt 9 take ci, tana jure faɗuwa da ƙura da rana, in ta mutu ka sayi wata. Kasuwa cike take da jabu masu suna iri ɗaya, don haka a gwada ta da ƙaramar wuƙa a ƙarƙashin riga biyu kafin a biya. Rauninta a fili yake, mutum ɗaya bayan ɗaya, mai riƙe da ita yana tsaye ƙirji da ƙirji da wanda ake zargi, kuma ingancinta ingancin mai riƙe da ita ne. Wanda ya gaji zai shafa gaba sau ɗaya ya ce wuce. Dole kuma a samu mata masu caje mata a wani keɓantaccen waje, in babu su to rabin masu shigowa ba a caje su ba ke nan.

Ƙofar gano ƙarfe

Ita ma ƙarfe take ji amma ta fi sauri kuma ba ta gajiya. Masu kyau irin na Garrett na Amurka ko CEIA na Italiya suna nuna a wane sashen jiki ƙarfen yake, Garrett PD 6500i misali shiyya 33 gare ta, fitila za ta kama daidai ƙugu ko idon sawu sai mai sanda ya tafi kai tsaye wajen. Farashi 'yan dubban daloli ne, wajen 3,000 zuwa 7,000 gwargwadon iri da wanda ya shigo da ita. Wuta kaɗan take ci, ƙaramar inbata da sola sun ishe ta, kuma in an sa ta a inuwa ba a bari ruwa ya doke ta ba tana shekaru masu yawa. Zafin Sakkwato ko na Yamai bai hana ta jin ƙarfe.

Matsalarta biyu ce. Ba ta san bambancin makullin babur da harsashi ba sai in an saita ta da kyau an kuma sa mutane fitar da waya da makullai a tire, ga awarwaro da sarƙa da kan bel, wanda hakan ke rage sauri. Sannan abin da ba ƙarfe ba, wuƙar tangaran, hoda, ɗaurin kuɗi, ƙwaya, duk ba ruwanta da su. Rodin da ke cikin daɓe ko ƙofar ƙarfe mai motsi kusa da ita ma suna rikita ta, shi ya sa wurin girkawa ke da muhimmanci. Akwai sababbin ƙofofi masu manhaja da ake cewa suna bambance makami da waya ba sai an zazzage aljihu ba, a yi hattara da alƙawarin da ake yi a kansu, don a Nuwamban 2024 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta zargi kamfanin Evolv da zuzuta abin da nasa ƙofofin ke iya ganowa, har aka ba wasu makarantu damar soke kwangila.

Rumfar sikana ta filin jirgi

Wannan ita ce wadda ake shiga a tsaya cak na daƙiƙu kaɗan. Tana harba igiyar milimita mai rauni sosai, ƙasa da abin da wayar hannu ke fitarwa nesa ba kusa ba, igiyar ta ratsa tufafi ta daki fata ta dawo, kwamfuta ta haɗa siffar. Samfurin ProVision, wanda ya koma hannun kamfanin Leidos a 2020, yana aiki wajen gigahaz 24 zuwa 30, gigahaz kuwa shi ne ma'aunin saurin kaɗawar igiyar, na Rohde & Schwarz na Jamus kuma mai bango biyu wajen 70 zuwa 80, shi ba sai an ɗaga hannu sama ba. Filin jirgin Schiphol na Amsterdam ya fara amfani da irinta tun 2007, amma abin da ya sa ta bazu a duniya mu ma ya shafe mu, wato lamarin Umar Farouk Abdulmutallab a ranar 25 ga Disamban 2009, da ya taso daga Legas ta Amsterdam zuwa Detroit da sinadarin fashewa a ɗinke cikin kamfai, abin da ƙofar ƙarfe ba a yi ta don ta gani ba.

A cikin huɗun nan ita ce ta fi ganin ƙananan abubuwa, ƙarfe ko ba ƙarfe ba, kuma tunda ita ke kawo nata hasken zafin ɗaki bai dame ta kamar yadda yake damun mai saurare ba. Kar a haɗa ta da ta eksire, waccan daban ce, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a filayen jirginta a 2011, Amurka ma ta kwashe nata a 2013. Zancen tsiraici kuwa da gaske ne an yi shi, a farko wani ma'aikaci ne ke zaune a wani ɗaki yana kallon siffar jiki, har Majalisar Fiƙihu ta Arewacin Amurka ta fitar da sanarwa a 2010 cewa hakan ya saɓa wa koyarwar sutura. Yanzu na zamani zanen mutum-mutumi ɗaya suke nunawa ga kowa da kowa, sai akwati mai launi a inda ake zargi. In wani zai sayar maka da wadda ba ta da wannan manhajar, tsohuwa ce, kar ka karɓa ko kyauta.

Tsadarta ba wasa, wajen dala 150,000 zuwa sama kowace ɗaya, ga kwangilar gyara duk shekara, ga wuri mai faɗi mai tsafta da wuta tsayayyiya. Mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda bayan ya zazzage aljihunsa kaf har hankici, ɗari biyu zuwa uku a awa in komai na tafiya daidai. Kuma tana da kukan ƙarya, a gwajin da Jamus ta yi a filin jirgin Hamburg tsakanin 2010 da 2011 sama da rabin waɗanda suka shiga na'urar ta yi ƙara a kansu a banza, saboda gumi, ninkin tufafi, maɓalli, ko yadda mutum ya tsaya. Manhajojin sun inganta tun daga lokacin, amma ka tuna da babbar riga mai aiki, rawani, zani da mayafi ninki-ninki da gumin watan Afrilu, sai ka san tambayar da za ka yi wa mai sayarwa.

Kyamarar milimita mai saurare kawai

To ga inda maganar take. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, jikin mutum ma haka. Wani ɓangare na hasken nan tsawon zangonsa milimita 1 ne zuwa 10, wato gigahaz 30 zuwa 300, kuma yadi ba ya tare shi sosai, yana ratsa shadda da atamfa da leshi ya fito. Kyamarar zama kawai take yi tana karɓar wanda jikinka ke fitarwa, in akwai abu tsakanin fata da riga sai ya tare hasken ya fito a allo kamar tabo. Ba irin kyamarar auna zazzaɓi da aka cika gani lokacin korona ba ce, waccan zafin saman riga kawai take gani ba ta ratsa ta.

Ka ɗauka jikin mutum fitila ce, abin da aka ɓoye kuma hannu ne da aka sa a gabanta. Da daddare inuwar hannun a fili take, da rana tsaka kuwa ko'ina haske ne ba ka ganin komai. Haka kyamarar nan take, bambancin ɗumi tsakanin fata da abin da ke kewaye da ita shi ne abincinta. Fatar mutum tana wajen digiri 33 zuwa 34 ne. A ɗaki mai esi da ke digiri 22 bambancin ya wuce digiri 10, abin da aka ɓoye yana fitowa sarai, don ƙarfe kamar madubi yake a wannan zangon, sanyin bangon ɗakin yake mayarwa, roba da hoda da takarda kuma suna rage hasken jiki. Amma in bango da rufi da iskar zauren duk sun kai 33 ko 34 fa? Komai ya zama launi ɗaya. In zafin ya zarce na jiki hoton na iya juyewa, abin ya fi jiki haske, amma kafin a kai can da kuma lokacin saukowa da yamma dole a bi ta wannan tsakanin da na'urar ke kusan makancewa. Mu da a Maiduguri, Sakkwato, Nguru da Damagaram ake wuce digiri 40 a bazara, zaure mai rufin kwano ba esi, wannan ita ce tambaya ta ɗaya da ta biyu da ta uku, kuma ita ce ba za ka gani a bidiyon talla ba don a ƙasashe masu sanyi ake ɗaukarsa.

A fili ƙarƙashin sama labarin ya ɗan canza. A wasu zangon, musamman gigahaz 35 da 94, sararin sama yana bayyana da tsananin sanyi ga na'urar, sai ƙarfe ya riƙa mayar da wannan sanyin ya fito baƙi wuluk, bambancin ya fi na cikin ɗaki yawa. Sai dai rumfa, bishiya, bango mai zafi, hadari da laimar damina duk suna rage shi, kuma hoton na canzawa daga safe zuwa azahar, ma'aikacin da ya saba da na safe zai iya ruɗewa. Ruwa kuma abokin gabarta ne, rigar da ta jiƙe sharkaf da ruwan sama ko gumi tana shanye igiyar. Ƙurar hunturu ita ba ta tare igiyar milimita sosai, matsalarta a cikin injin ne, da yawa daga cikin kyamarorin nan suna da madubi mai juyawa da fanka a ciki, ƙura in ta samu hanya sai ta cinye su.

Wajen kaifin gani kar ka sa ran hoto irin na waya. Lissafin mai sauƙi ne, a gigahaz 94 tsawon igiyar wajen milimita 3 ne, in bakin kyamarar faɗinsa rabin mita ne mutum kuma yana nesa da mita 5, ƙaramin abin da za ta iya bambancewa wajen santimita 4 ne, in ya ninka nisan girman ma ya ninka. Shi ya sa kamfani irin Thruvision na Ingila, wanda fasaharsa ta samo asali daga binciken sararin samaniya a cibiyar Rutherford Appleton, ya hau sama zuwa wajen gigahaz 250 don hoton ya ƙara fitowa, duk da cewa can sama tufafi masu kauri sun fi tare igiyar. Ma'ana dai abu babba take kamawa, rigar bam, doguwar bindiga a ƙarƙashin riga, ɗaurin kuɗi, fakitin ƙwaya, kayan sito da aka naɗe a ciki ko cinya. Lokacin da hukumar sufurin Los Angeles ta sanar a Agustan 2018 cewa ta sayi na Thruvision don tashoshin jirgin ƙasanta, jami'anta da bakinsu suka ce abin da suke nema makaman kisan jama'a da yawa ne, ba ƙananan makamai ba. An ruwaito farashin wajen dala 100,000 kowace ɗaya, tana gani daga kusan mita 9, kuma an ce za ta iya duba sama da mutum 2,000 a awa. A Satumban 2019 kuma an yi gwajin kwana biyar da ita a tashar Stratford ta Landan don neman wuƙaƙe. Wannan 2,000 ɗin adadin masu wucewa ne ta gabanta, ba yana nufin an duba kowa gaba da baya ba, don gefen da ke fuskantarta kaɗai take gani, wanda wani ya tare shi a cunkoso ba ta gan shi ba, cikin jaka da cikin jiki kuma ba aikinta ba ne. In kana son gaba da baya sai kyamara biyu ko a sa mutum ya juya.

Inda ta yi wa sauran fintinkau shi ne lafiya da mutunci. Tunda ba ta fitar da komai, mai juna biyu, jariri, mai na'urar bugun zuciya duk babu abin fargaba. Hoton kuma dusu-dusu ne, ba a gane al'aura ko siffar jiki, wanda a wajenmu babban abu ne, hajiya za ta wuce da hijabinta ba wanda ya taɓa ta. Amma a sa ido kan ajiyar hoto. A 2010 an gano cewa a kotun tarayya da ke Orlando a jihar Florida an tara hotuna wajen 35,000 daga wata na'ura mai saurare ta kamfanin Brijot, har shafin Gizmodo ya wallafa 100 daga ciki. Ba a ganin tsiraici a cikinsu, amma an ajiye su ne alhali jama'a sun ɗauka ba a ajiyewa, don haka a rubuta a kwangila cewa a kashe ajiya ko a faɗi wa ke da makullinta da kwana nawa.

Abin da ya fi damuna da ita bayan zafi shi ne abin da ke biyo bayan gani. A ce ma'aikaci ya hango tabo a ƙirjin wani daga mita 8, sai me? Wa zai tsayar da shi, a ina, da wace murya, ina jama'a za su ja? In babu shinge da doguwar hanyar shigowa da za ta ware mutum ɗaya-ɗaya tun daga nesa, babu rediyon oba-oba tsakanin mai kallon allo da na gaba, babu jami'an tsaro da aka yi atisaye da su, to nisan da ka biya dala 100,000 saboda shi bai amfane ka da komai ba. Ga laya da guru da ɗamarar kuɗi da 'yan kasuwa ke ɗaurawa, duk za su fito a allo, dole a san yadda za a tantance su cikin girmamawa. Mai kallon allon kansa sai an riƙa canza shi akai-akai don ido na gajiya. Gyara kuma ba na mai gyaran rediyo ba ne, in ta lalace sai wakilin kamfani ko a mayar da ita waje, ka tambayi wa ke da kayan gyara a ƙasar, kwana nawa ake jira, garantin ya haɗa da lalacewar da wuta ta jawo ko bai haɗa ba.

Ga su a jere

| | Sandar hannu | Ƙofar ƙarfe | Rumfar sikana | Kyamara mai saurare |
|---|---|---|---|---|
| Farashi a dala, kimanin | 150 zuwa 200 | 3,000 zuwa 7,000 | 150,000 zuwa sama | wajen 100,000 |
| Abin da take ganowa | ƙarfe | ƙarfe | ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba, har ƙanana | ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba, manya |
| Nisa | dab da jiki | sai an ratsa ta | sai an shiga ciki | mitoci da dama |
| Sauri | a hankali | matsakaici zuwa sauri | a hankali | sauri sosai |
| Zafin wuri | bai dame ta ba | bai dame ta ba | gumi na jawo ƙarar ƙarya | yana iya kashe ganinta |
| Wuta | batir | kaɗan | tsayayyiya | tsayayyiya, ga na esi |
| Ɗorewa da gyara | a sauya ta kawai | tana daɗewa | sai kwangilar gyara | sai wakilin kamfani |
| Babban haɗari | mai caje na kusa da haɗari | layi a ƙofa | tsada da jinkiri | a yarda da ita fiye da ƙarfinta |

Farashin nan na can inda ake ƙera su ne, kafin jigila da kwastam da ribar dillali da canjin dala, don haka ka ɗauke su a matsayin ma'aunin gwada girma kawai. Kuɗin kyamara mai saurare guda ɗaya zai sayi ƙofar ƙarfe mai kyau sama da goma da sanduna, ko ƙofa biyu da albashin masu gadi maza da mata na dogon lokaci da shinge da fitilu.

Duk wadda za ka saya cikin manyan biyun, wato rumfar sikana da kyamara mai saurare, kar ka sa hannu sai an kawo ta wurinka an gwada, ba a otal mai sanyi ba. A gwada da ƙarfe biyu na rana a lokacin zafi, da kuma bayan magariba, da mutanenka sanye da kayan da jama'arka ke sawa, babbar riga, jallabiya, hijabi har ƙasa, rigar sanyi. A ɓoye abubuwan gwaji marasa haɗari, guntun bututu, ƙullin gishiri, ɗaurin takarda, ba tare da mai kallon allo ya san wa ke ɗauke da me ba, a sa waɗanda ba su ɗauki komai ba a cikinsu, a rubuta nawa ta kama, nawa suka wuce, nawa ta yi wa ƙarya. Ka kuma nemi a rubuta maka iyakar zafin ɗakin da kamfani ya yarda na'urar na gani a cikinsa, ba iyakar zafin da injin ke jurewa ba, abu biyu ne daban kuma masu talla na son haɗe su.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Masallacin unguwa, coci, islamiyya, makarantar sakandare, ɗakin biki: sanduna na asali, in da hali a ƙara ƙofar ƙarfe ɗaya ko biyu, a matsar da wurin caje nesa da inda jama'a ke taruwa, a buɗe layuka da yawa don kar a cunkushe, a horar da 'yan agaji mata da maza. Kyamara mai saurare a nan asarar kuɗi ce, musamman in wuƙa ce damuwar kuma ƙofar a rana take.

Filin jirgi, gidan yari, ko wani ofishi da ƙaramin abu ma barazana ne kuma masu shiga ba su da yawa a lokaci guda: rumfar sikana mai manhajar mutum-mutumi, tare da ƙofar ƙarfe da na'urar duba jaka.

Babban otal, cibiyar taro, ofishin jakadanci, babban kanti ko tashar jirgin ƙasa mai zaure da esi na dindindin, inda tsoron shi ne rigar bam ko doguwar bindiga kuma ba a son tsayar da kowa: a nan kyamara mai saurare ta cancanci kuɗinta, a matsayin layin farko daga nesa, ƙofar ƙarfe na bayanta, da jami'an da suka san abin yi.

Sito, masana'anta, wurin ƙirga kuɗi, ko kan iyaka inda kwastam ke neman kuɗi da ƙwaya a jikin matafiya: wannan ma gidanta ne, wataƙila ma ya fi na sama dacewa, don mutum zai tsaya a ɗan ɗaki mai sanyi ya juya gaba da baya cikin daƙiƙu, abin da ake nema ba ƙarfe ba ne, kuma an huta da lalube da rigimar da yake jawowa tsakanin ma'aikata da masu gadi. Hukumar kwastam ta Amurka ma tana cikin masu sayenta don irin wannan aikin.

Kasuwa da tashar mota a fili, masu ƙofofi barkatai da zafi da ƙura: babu ɗaya cikin manyan biyun da zan ba da shawara a fara da ita. A fara rage ƙofofin shiga, a yi shinge mai nisa, a raba masu kaya da marasa kaya, a ba masu caje sanduna masu kyau da inuwa da canji. In daga baya gwamnati ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta samu kuɗin gina zauren shiga mai rufi da sanyi da wutar sola da za ta riƙe shi, sannan a kira masu kyamarar su zo su gwada ta a watan Afrilu.